Sarauniyar Urushalima a Rumfar Citta

Yayar mahaifiyata, wadda muke kira Mama Babba, sau ɗaya ta je ziyara Urushalima, amma tun da ta dawo ta ɗauki birnin tamkar unguwarsu. In fasto ya ambaci sunan a wa'azi sai ta gyaɗa kai da ƙarfi, don na bayan benci su tuna akwai wadda ta taka wurin da ƙafarta. Ni kuwa tarihi nake koyarwa a wata sakandare a nan Kafanchan, saboda haka duk tambayar da ta shafi mutanen dā a kaina take sauke ta, ko na sani ko ban sani ba.

Mijinta ma'aikacin reluwe ne. Ya rasu ya bar ta da ɗa guda, aka kai shi ƙauyensu aka binne a bayan gidan mahaifinsa. Da aka zo gina kabarin da siminti sai ta sa magina suka bar fili a gefensa, daidai tsawon mutum. Kowa ya san na wane ne. Duk shekara takan je ta cire ciyawar wurin da hannunta, ta share nasa, ta share nata. Da cinikin citta ta riƙe gida, ta kai yaron har jami'a, ya sami aiki a Abuja, ya yi aure. Daga nan gidan ya yi mata faɗi. Na sha iske ta da rana tana cin abinci a tsaye, wai zama a ci abinci sai da mutum.

Ana haka wani dagaci ya fara zuwa rumfarta. Daga wani ƙauye yake, can gaba da Gwantu, tsohon hedimasta ne, matarsa ta rasu da daɗewa. Da farko cittar mutanensa yake rakowa. Daga baya muka lura yana zuwa ko ba citta. Sai ya zauna kan buhu da farin kaftaninsa, ya buɗe jarida ya karanta mata, ita kuma tana musa wa jaridar. Rabon da in ji Mama tana dariya irin wannan har na manta. Ba a jima ba ya aika wa fasto cewa yana son aurenta.

Abin da ya hana ta amsawa ba shekaru ba ne, ba kuma surutun mutane ba. A wurinmu, mace a gidan mijinta na ƙarshe ake binne ta. Ranar da ta sake aure, ranar ta fita daga gidan na farko, ita da gawarta. In ta amsa wa dagacin, filin nan da take sharewa ya tashi daga nata. In ta ƙi, ta koma cin abinci a tsaye. Tana son mutumin, tana son filin, al'ada kuma ta ce ɗaya za ta ɗauka.

Ni ban goyi bayan auren ba, kuma ban ɓoye ba. Gani nake dattawan ƙauyen rumfarta suke hange, ba ita ba. Wata Asabar na iske ta ita da mata masu tsaga mata citta, kowacce da wuƙarta, yajin yana sa mutum atishawa tun daga bakin titi. Na zauna na ce, "Mama, tunda sarauta kike so, bari in ba ki labarin wata sarauniyar Urushalima."

Ta dakata da wuƙar. "A Baibul?"

"A'a, bayan Baibul da nisa. Shekara ɗari tara ke nan."

"To faɗa mu ji. Amma in kin yi ƙarya zan sani, na je wurin."

Na ce mata matar 'yar babban gida ce a arewacin Italiya, gidan masu ƙasa da dawakai, amma ba gidan sarki ba. Aka aurar da ita ga wani babban basarake da ya ci tsibirin Sisili da yaƙi, mutum ne da ya girme ta sosai. Ta haifa masa 'ya'ya, ya rasu yaran suna ƙanana. Ita ta riƙe tsibirin gaba ɗaya, da Kiristocinsa da Musulminsa, da masu yare kala-kala, ga manyan fada kowa yana jiran ta yi kuskure. Babban ɗan ya rasu yana yaro, ta ci gaba da riƙo har ƙaramin ya isa mutum, ta miƙa masa mulki.

"Wannan mata ya sha wahala," in ji Mama. "Na san hanyan nan. Ci gaba."

Sai sarkin Urushalima na lokacin, ɗaya daga cikin Turawan da suka ci birnin da yaƙi, ya aiko neman aurenta. Ta yarda, amma da sharaɗi: in ba su haihu ba, ɗanta ne zai gaji sarautar Urushalima. Aka amince. Ta tashi da jiragen ruwa shaƙe da dukiya da abinci da makamai, aka tarbe ta da shagali, aka ɗaura aure, ta zama sarauniya. A nan na rage murya, don a nan nake son Mama ta saurara da kyau. Sarkin ba shi da abin biyan sojojinsa, dukiyarta ce ta biya su. Kuma yana da wata matar da ya rabu da ita tun dā, tana raye a wata ƙasa, ba a taɓa warware aurensu a coci ba. Bayan 'yan shekaru ya kwanta ciwo kamar ba zai tashi ba, manyan coci suka matsa masa, aka ce auren nan na biyu ba aure ba ne. Aka sa ta a jirgi ta koma Sisili, ba dukiya, ba sarauta, ɗanta ma bai sami gadon ba. Shekara ta zagayo ta rasu.

Na jira ta ce ta fasa auren. Ɗaya daga cikin matan ta ja tsaki ta ce maza ke nan ko'ina. Mama ba ta ce komai a kan sarkin ba, ba ta kuma tambayi jiragen ba.

"A ina ne an binne ta?"

Wannan na san shi. Na ce a wani coci, a wani ƙaramin gari bakin teku a Sisili.

"Gefen mijinta na farko?"

"A'a. Shi yana ƙetaren ruwa, a garin da ya zauna."

"Sarkin Urushalima fa?"

"Shi yana Urushalima."

Ta ajiye wuƙar a cinyarta. "Miji biyu, kuma ta kwanta ita kaɗai." Sannan ta ce, "Kin ga inda ta yi kuskure? Ta zauna da manya, ta yi wa yaro sharaɗi, ta manta da kanta. Wanda ya iya sa sarki ya yarda da magana babba haka, me zai hana ya ƙara ƙarami a kai?"

Na je ne in tsorata ta, na dawo na ba ta dabara. Haushi ya kama ni har na tafi ban ɗauki cittar da ta ƙulle mini ba.

Wata Lahadi bayan sujada ta tara su a falonta: fasto, ƙannen mijinta biyu, ɗanta da ya zo daga Abuja, da dagacin tare da wani dattijo na fadarsa. Ni aikina zuba gwaten acca. Sai da suka ci suka wanke hannu ta yi magana. Ta ce za ta auri dagaci, za ta zauna a gidansa iyakar ranta, amma ranar da Ubangiji ya kira ta, a mai da ita gefen uban ɗanta.

Dattijon fadar ya ce ba a taɓa yi ba, matar dagaci ba ta barin gidan dagaci, da rai ko ba rai. Babban ƙanen mijinta ya ce su ma a wurinsu ba a taɓa yi ba, matar wani ba ta kwana a ƙasarsu. Fasto ya ce shi dai Littafi bai hana ba, sai ya koma kan kofinsa. Ɗanta ya ce filin na uwarsa ne, muddin yana numfashi ba mai shiga. Aka yi ta ja har gwaten da ya rage ya huce. Daga ƙarshe ƙanen mijin ya ce to, abu ɗaya ne zai sa su buɗe ƙasa: dagacin da kansa ya kawo ta, ya tsaya gaban jama'a ya ce ya dawo da ita. Ya faɗi haka ne don ya rufe maganar, domin kowa a falon ya san a ƙauyen dagacin mai sarauta ba ya ganin gawa, ba ya bin ta, ko ta ɗansa ce.

Dagacin ya cire tabarau ya goge. "Na yarda."

"Ranka ya daɗe," in ji dattijon, "a sake tunani."

"Na riga na yi, tun kana magana."

Ban yarda da shi ba ko kaɗan. Na ce a raina alkawarin neman aure ne, na kuma san yadda irinsa ya ƙare a Urushalima.

Aka yi aure ba hayaniya. Ta bar wa wata ƙanwarmu rumfar, ta koma ƙauye, mu kuma muka laƙaba mata Sarauniya, tana amsawa ba kunya. Shekarun da suka biyo baya ba su da labari mai yawa, kuma abin da ya sa suka yi daɗi ke nan. In na sami hutu nakan hau mota zuwa Gwantu, daga can in hau babur. Kullum a ƙarƙashin bishiyar mangwaron ƙofar gida nake samunsu, kwano ɗaya a tsakaninsu, yana karanta jarida tana musawa. Ta hana matan ƙauyen shanya citta a ƙasa tsirara, ta shiga zumuntar matan coci ta karɓe ragamar waƙa ba wanda ya ba ta. Dukiyarta kuwa, wadda na yi ta tsoro a kai, ba wanda ya taɓa ko buhu ɗaya, sai dai abin da ta bayar da hannunta.

Labarin sarauniyar ya zama nata. Takan ba matan zumunta, ta ƙara gishiri son ranta. A bakinta matar ta koma mai cinikin hatsi, jiragen suka ninka, sarkin ya zama gajere mai tumbi. In na gyara mata sai ta ce, "Ke kin karanta, ni na je." Amma duk yadda ta juya shi, ƙarshen ba ta taɓa shi. Nan take rage murya ta ce matar tana kwance ita kaɗai a bakin teku. Ta taɓa ce mini tana sa ta a addu'a wani lokaci, ko da yake ba ta san ko ya halatta ba. Duk shekara kuma dagacin yakan ba ta mota ta je ta share filinta, shi ya zauna a gida.

Ciwon da ya ɗauke ta bai daɗe ba. A wani asibiti a Kafanchan ta cika, da safe, ina riƙe da hannunta. Kafin mu gama kiran 'yan uwa labari ya zo cewa dattawan ƙauyen sun sa samari sun fara haƙa a bayan gidan dagaci. Na ce shi ke nan, abin da na faɗa ya tabbata. Ɗanta ya fara neman lauya a waya.

Ranar da za a ɗauko ta daga ɗakin ajiye gawa, muna tsaye a harabar asibiti sai ga dagacin ya sauko daga motar haya. Da kyar na gane shi. Ba rawani, ba sanda, ba mai take masa baya, sai baƙar kwat irin ta hedimastocin dā, wadda ta yi masa yawa. Daga baya muka ji ya miƙa wa dattijon nan sandarsa ya ce su riƙe, in ya dawo sun ga dama su mayar masa, in ba su ga dama ba su nemi wani. Ya shiga ciki ya duba fuskarta, ya fito ya zauna a gaban motar gawa kusa da direba.

Daga ƙauyensa ba wanda ya zo sai matan zumunta, su ma a ɓoye suka taho. A bakin kabarin, jama'a sun cika bayan gidan, ya tsaya gaban ƙanen mijinta na farko.

"Ga ta, na dawo muku da ita. Na gode da kuka bar ta ta zauna da ni."

Ƙanen mijin ya sunkuyar da kai, ya yi wa masu haƙa alama. Aka sa ta a filinta, gefen mijinta na farko, daidai yadda ta auna. Na yi kuka, amma har da na farin ciki a ciki, domin ta samu duka biyun.

Bayan an rufe ƙasa aka jera kujeru a tsakar gida don karɓar gaisuwa. Ɗanta a tsakiya, ƙannen mijinta dama da hagu, mu dangin uwa a gefe. Mutane suka yi layi suna wucewa suna miƙa hannu. Ba wanda ya yi niyyar wulaƙanci, kawai dai a tsarin gidan babu kujerar mutumin da ya riga ya ce ya dawo da matarsa. Na hango shi can bakin zaure a kan bencin baƙi, tsakanin direban motar gawa da wani mai gyaran lasifika, an ba shi shinkafa a roba kamar kowa, bai buɗe ba.

Na tashi daga cikin dangi na je na durƙusa a gabansa. Na ce, "Baba, sannu da rashi. Ubangiji ya ba ka haƙuri."

Ya dube ni ta saman tabarau.

"Na gode, 'yata," ya ce. "Tun safe ke ce ta farko da ta gaishe ni."