Digirin da ya hana Habu riƙe fartanya

Mun tashi da asuba daga Kano, mu uku da muka yi jami'a tare a China, za mu wani ƙauye bayan Dawakin Tofa duba abokin karatunmu Habu. Tun da wani kamfani ya ƙi ɗaukarsa ya daina ɗaga waya. Mu ma ba aikin gare mu ba, amma a can mun ga yadda ɗalibai ke yi in fargabar neman aiki ta danne ɗayansu: sai su fito da shi daga ɗaki, ko abinci ne a ci tare.

Kuɗin mota ya ninka, direba kuma ya cusa mu kamar buhunan gero. Inda kwalta ta ƙare muka hau acaɓa, muna ratsa dawa da gyaɗa, gona na jikin gona. Koko da ƙosan bakin hanya ne kaɗai ba su cuce mu ba.

Mun tarar da gari ba maza, duk suna gayya a gonar baban Habu. Shi kuwa yana ɗaki cikin shadda mai guga, ya rame har wuyan rigar na yawo. Innarsa ta ce tuwo ma sai da lallashi yake taɓawa. Ashe babansa ne ya hana shi noma, wai kar a ce ɗan da ya je China ya dawo riƙe fartanya. Ofis ya ƙi shi, gona an hana shi, kuma duk mai shigowa gaisuwa sai ya tambaya ko an dace. Wallahi raina ya ɓaci. Yaro na narkewa a zaune, ana ta tsaron bakin mutane.

Muka ari fartanyoyi, muka ja shi gona. Dattijon ya taso da faɗa, wai mun zo mu tozarta shi gaban jama'a. Na durƙusa na ce, "Baba, digirinmu iri ɗaya da nasa, kuma ba mai aiki a cikinmu. In abin kunya ne, a raba mana."

Ya juya ya koma bakin aikinsa, mu ma muka duƙa noma tare da Habu. Kafin azahar hannuwanmu sun yi bororo, samari na ta tsokanarmu. Aka kawo fura, Habu ya shanye ƙwarya guda, har ya nemi ƙari. Da za mu tafi, baban ya ce da shi, bai ko kalle mu ba, "Gobe ka fito da wuri, akwai sauran gefen gabas."

Mun iso gida da magariba, ba aiki, ga ciwon baya. Na dai gane ba rashin aikin kaɗai ke kayar da mutum ba, har da zaman da nasa ke tilasta masa don kare sunan gida. Haushin bai sake ni ba tukuna. Da safe na kira Habu, sau biyu bai ɗaga ba. Can ya kira yana haki, ya ce in yi haƙuri, yana gona.