Jar Saniya a Cikin Gero

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina riƙe da alli a lakwal-lakwal, wato makarantun boko, na ƙasar Tasawa da ta Mayahi, kuma a cikin wannan zamani duka ban taɓa yarda yaro ya rubuta abin da bai tabbatar ba. Da wannan aka san ni, da shi nake alfahari har gobe. Abin da zan ba da labari a nan shi ne yadda wannan hali nawa ya kusa raba ni da aminina na shekara arba'in, ta hannun jikata.

Jikar nan ɗiyar babban ɗana ce, amma a hannunmu ta tashi a Tasawa. Tun tana ƴar shekara biyar take tsintar gawayi a murhu tana zana kaji da jakuna a bangon zaure, kakarta na bi da tsumma tana gogewa tana faɗa. Da ta shiga lakwal, babu kaye nata, wato littafin rubutu, da za ka juya bayansa ba ka iske fuskar wani ba: mai gadi, mai tuyar ƙosai, ni kaina ina gyangyaɗi bisa kujera.

Wata rana, tana wajen shekara goma sha biyu, ta kawo mini wani zane tana tafe tana rangaji. Manoma ne suna noma, ga wani babban gawo ya yi musu inuwa, ganye luf. Na sa tabarau na duba.

Na ce, "Amarya, wane lokaci ne wannan?"

Ta ce, "Haba angona, tsufa ya kai ga ido? Damina ce, ba ka ga gero ya kai gwiwa ba?"

Na ce, "To a wace ƙasa gawo ke ganye da damina? Tafi bayan gari ki duba. Gawo da rani yake tufafi, da damina tsirara yake tsayawa. Abin da idonki bai gani ba, kada hannunki ya shaide shi."

Ta fita fuska a murtuke. Da la'asar ta dawo da wani zanen, gawo ƙayau babu ko ganye guda. Daga ranar nan ba ta ƙara zana kome da ka ba. Sai ta je, ta zauna, ta duba. Ni kuwa duk wanda ya yaba hannunta, nakan gaya masa inda ta samo idon.

Da ta gama lise, wato sakandare, ta koma Maraɗi wurin iyayenta, ta haɗu da waɗansu samari da ƴan mata masu irin wannan baiwa. Ba su da yawa, kuma babu wanda zanen ke riƙe da shi shi kaɗai. Ɗaya yana rubuta alluna na teloli da masu aski, wata tana sayar da magani a kanti, ita kuma tana koya wa yara karatu da maraice. Abin da kowa ya zana sai ya tura wa sauran ta waya, su yi masa caa babu kara: wannan hannu yatsa shida gare shi, wannan tsohuwa ta yi kama da tulu. Takan fara da fensir bisa takarda, sa'an nan ta ɗauki hotonsa ta zuba cikin wani allo na gilashi mai alƙalaminsa, a can take sa launi. Na taɓa riƙa allon sau ɗaya, na mayar mata da shi da hannu biyu.

Ana nan sai wani furoje, irin shirin nan na raya karkara, mai aikin sasanta manoma da makiyaya ya nemi wanda zai zana masa manyan hotuna goma, irin waɗanda ake ratayawa a kasuwa ana juyawa ɗaya bayan ɗaya, ana yi wa jama'a bayani. A ciki akwai burtali, wato hanyar da aka keɓe wa shanu tsakanin gonaki, akwai rijiya, akwai zaman sulhu a ƙofar maigari, akwai kuma guda da zai nuna dabba tana ɓarna a gona. Ita aka zaɓa. Shi ne aikinta na fari da za a buga da sa hannunta a ƙasa. Ta hau mota ta zo Tasawa.

Ta ce, "Kaka, na san akuya, na san jaki, amma ban san saniya ba. Ka kai ni inda zan gani."

Ban yi wani tunani ba, domin ina da inda zan kai ta. Aminina Bafillace ne, rugarsu na arewa da Kanan-Bakashe, kan hanyar Isawan. Mun saba tun ina saurayin mushe, wato malamin lakwal, a can, yana kawo mini nono ina karanta masa takardun haraji. Kakata ta wajen uwa Babarbariya ce, saboda haka akwai wasa tsakaninmu: bai taɓa kirana da wani suna ba sai Babarbare, ni kuma bawana nake ce masa. Mutum ne mai abin taƙama guda ɗaya a duniya, kowa kuma ya san shi da ita: tun da ya fara riƙon sanda, ba a taɓa kiransa ƙofar maigari a kan ɓarna ba. Shanunsa ba su san ɗanɗanon geron wani ba.

Kwana uku muka yi a rugar. Da hantsi takan shimfiɗa tabarma kusa da garke ta yi ta zane har rana ta take. Yakan zo ya tsaya a kanta, ya dogara da sanda.

Ya ce, "Babarbare, wannan jika taka ta fi ka amfani. Kai shekara arba'in kana shan nonona, har yau ba ka raba karsana da maraƙi."

Na ce, "Ubangida ba ya ƙirga dabba, bawana. Aikinka ne."

A cikin garken akwai wata jar saniya da ya fi so. Ƙahonta na hagu ya sunkuyo, tana da fari a goshi kamar tafin hannu, da tsaga biyu a kunnen dama, shaidar gidansu tun kakanni. Saniya ce mai natsuwa, takan tsaya cik tana tuƙa, don haka ita jikata ta fi zanawa: ta gaba, ta gefe, tana kwance, tana kiwo.

Bayan watanni aka buga hotunan. Da na ji za a nuna su ranar kasuwar Kanan-Bakashe, na sa babbar riga na tafi, na nemi wuri a gaba. Wani saurayi na furoje yana juyawa yana bayani. Jama'a suka yi ta mamaki. Mata suka ce igiyar gugan nan kamar ka kama ka ja. Ni kuwa ina ta gyara zama, ina faɗa wa na kusa da ni cewa jinina ce.

Da aka buɗe na bakwai sai kowa ya ƙura ido. Ga gona, gero ya yi kai, ga manomi ya ɗora hannu bisa ka, ga jar saniya a tsakiya da zangarniya a baki. Ƙahon hagu a sunkuye, fari a goshi, tsaga biyu a kunne.

Wani tsohon makiyayi ya nuna da sanda ya ambaci sunan aminina, ya ce, "Ai wannan tasa ce!"

Wani ya ce, "Ashe ita ma tana taɓawa!"

Aka fashe da dariya. Amma wani manomi bai yi dariya ba. Ya ce bara an cinye masa wake bai san ko wane ne ba, yau Allah ya nuna masa, tun da ga shi har hukuma ta buga a takarda.

Sai a lokacin na hangi aminina a bayan taro. Ya daɗe yana kallon hoton. Da ya juya zai tafi na sha gabansa. Ya dube ni ya ce, "Barka da kasuwa, Mushe." Ya wuce. Shekara arba'in bai taɓa kirana Mushe ba.

Na kira jikata ta waya na gaya mata. Da fari ta tsaya kan bakanta.

Ta ce, "Kaka, ni misali na zana. Ban ce ita ta yi ba. Kuma kai ka ce kada in zana abin da ban gani ba."

Na ce, "Kin ga saniyar. Kin gan ta cikin gero?"

Amma tambayar nan tawa ce kafin ta zama tata. Ita ƴar birni ce, a wurinta saniya saniya ce. Ni da na zauna cikin makiyaya ya kamata in san cewa a wurinsu fuskar saniya kamar sunan mai ita ce, kuma ta nuna mini hotunan kafin a buga, na ce madalla.

Masu furoje suka yarda a rufe wannan shafi a sake buga shi, in ta kawo wani kafin zagayen kasuwanni na gaba. Ta zauna ta ƙago shanu uku waɗanda a ganinta ba na kowa ba ne. Ta ce ba za ta miƙa ba sai mai garken ya gani. Muka koma rugar.

An yi mana shimfiɗa, an kawo nono a sabuwar ƙwarya, irin karɓar da ake yi wa baƙon da ba a sani ba. Ta durƙusa har ƙasa.

Ta ce, "Baffa, na yi maka laifi ban sani ba. Ka gafarce ni."

Ya ce, "Tashi, ɗiyata. Ke ba ki san shanu ba. Wanda ya kawo ki ne ya ce ya sani."

Na haɗiye wannan. Ta miƙa masa takarda ta fari. Ya riƙe ta nesa da ido, ya ce, "Ta surukina ce, can Isawan. Kina so ya saki ɗiyata?" Ta miƙa ta biyu. Ya ce, "Wannan baƙar ta wata gwauruwa ce wajen Mairairai. Ita ke nan gare ta." Ashe abin da ta ɗauka ƙagowa take, shanun da ta gani a kasuwanni ne idonta ya ajiye. A ta uku ta cire kome, babu tsaga, babu tabo, ƙahoni daidai wa daida. Ya juya takardar sama da ƙasa.

Ya ce, "Wannan kam ba ta kowa ba ce, don ba saniya ba ce. Jaki ne aka dasa wa ƙaho." Ya ajiye. "Ɗiyata, babu saniyar da ba ta da mai ita. Duk wadda kika sa cikin geron nan, kin sa mutum. Kuma wa ya gaya muku ɓarna daga daji kaɗai take zuwa? Dabbobin gari azumi suke yi?"

A nan ne wani abu ya faɗo mini wanda na daɗe ina dannewa. Ina da wani farin sa a gida mai jan amalanke, mai guntun ƙaho da ƙaton tozo. Damina biyu a jere yana tsinke igiya yana faɗa wa gonar maƙwabcina, maƙwabcin yana korowa ya ɗaure mini shi a ƙofa, bai taɓa cewa uffan ba saboda girmana. Ni ma ban taɓa ce wa kowa ba.

Na ce, "Amarya, zana nawa. Da guntuwar igiyar a wuyansa."

Ta ce, "Kaka, duk Tasawa an san san nan. Har a Kanan-Bakashe an san shi, da shi kake aiko da kaya."

Na ce, "Shi ya sa. Shi kam ya ci, ina da shaida."

Aminina ya ɗago kai. Ya ce, "Sau nawa?"

Na ce, "Biyu."

Ya ce, "Wanda ka sani ke nan."

Ta kwana biyu a gidana tana zana san, yana tuƙa yana kallonta babu ko kunya. Aka buga. Ranar da aka mai da hotunan kasuwar Kanan-Bakashe na sake sa babbar riga na tafi, domin ba ni so a ce na ɓuya. Saurayin furoje bai samu ya yi bayanin shafi na bakwai ba. Aminina ne ya tsaya gefen hoton da sandarsa, yana kiran mutane daga rumfuna.

Yana cewa, "Ku zo ku ga san Babarbare! Ku dubi tozo, duk geron maƙwabta ne! Mai shi ga shi nan zaune da tabarau, shi ya koya wa ƴaƴanku gaskiya!"

Manomin nan mai wake ya zo ya duba, ya dube ni, ya tambaye ni ko san nawa yakan yi tafiya mai nisa. Na ce masa bai taɓa wuce unguwarmu ba, kuma gaskiya na faɗa.

Jikata tana nan tana aikinta. Bayan wannan ta yi wa wani littafin yara hotuna, ta yi na allurar rigakafi da aka manna a gidan likita. Ta ce yanzu in ta zauna za ta zana wani abu, ko tukunya ce, sai ta tambaya ta wa ce da kuma inda za a sa ta, kuma abokan zanenta sun ɗauki wannan daga gare ta. Mafi kyau cikin zanen jar saniyar, wanda take tsaye ita kaɗai cikin ciyawa, ta sa masa launi ta kai wa mai ita. Yana naɗe cikin leda a jakarsa ta fata, yakan fito da shi ya nuna wa baƙi.

Ni kuwa a Tasawa, in na fito masallaci, akan gaishe ni a tambayi iyali, sa'an nan a ce, "Mushe, ya mai tozo? Ya ƙoshi?" Nakan amsa da cewa lafiya lau yake. Na saya masa sarƙa.