Duron Malam Iddi

Shekara shida ke nan da Malam Iddi ya rasu a cikin tirelarsa, yana layin shiga tashar jiragen ruwa ta Baltimore. Aminina ne, shi ɗan zangon Kumasi, ni Bakano. Na so in yi masa addu'a kawai in yi shiru, amma raina a ɓace yake.

Duk wanda ya taɓa aika kaya gida daga Greensboro ya san shi. A bayan wani gareji a titin Gate City yake loda kwantena da tsofaffin motoci da tayoyi da katifu, ya ja ta zuwa Baltimore, a ɗora ta a jirgin Tema ko na Legas. Doka ɗaya gare shi: kusurwar dama ta bakin ƙofar kwantena ba ta sayarwa ba ce. In wani namu ya rasu aka binne shi a nan, a wannan kusurwa tufafinsa suke tafiya kyauta, don uwarsa ta sami abin riƙewa. Har kayan wani Kirista ɗan Jos ya aika haka.

Da ya rasu, na haɗa nasa kayan a shuɗin duro. Mahaifiyarsa, Mma Adiza, wadda idonta ya tafi, ta aiko cewa ba ta son komai sai jallabiyarsa ta Juma'a, ta ji ƙamshin ɗanta. Na je wurin mutum ukun da suka gaji sana'ar, waɗanda shi ya koya musu ɗaure mota a kwantena. Babbansu ko tashi bai yi ba.

"Sorry Alhaji, babu space. Yanzu fa business ne, sai dai next time."

Da Iddi zai leƙo yau, ya ga firji a kusurwarsa, na san ba zai yi faɗa ba. Tsaki zai yi, ya sauke firjin da hannunsa.

To amma ni ma ban fita daga laifi ba. Ina da halin biya tun ranar. Sai na rantse kayan Iddi ba za su tafi ba sai a kusurwar Iddi, sai kunya ta kama mutanen nan. Kunya ba ta kama su ba. Ni ina taurin kai a gidana a McLeansville, tsohuwa tana jira a Kumasi.

Ranar Juma'ar da ta wuce ƙanwar Iddi ta bugo waya. "Alhaji, jikin Mma ya yi nauyi. Kullum tambayar rigar take."

Na shiga garejina, inda duron yake ajiye tun lokacin, na buɗe shi. Darduma tana nan, carbi yana nan. Na ɗaga jallabiyar na kai hanci, babu turarensa, babu guminsa, sai warin fetur da injin yankan ciyawa.

Kusurwarsa ta tafi, tirelar ta zama ta wani. Abin da ya rage nasa, mu huɗu muka haɗu muka lalata. Allah ya jiƙan Iddi. Gobe zan kai duron in biya. In Allah ya sa ya same ta da rai, za ta rungume rigar ɗanta, ta ji warin garejina.