Jirgin da Ake Share wa Ƙura

Da na haifi ɗana na biyu a Fort Washington, a Amurka, Inna ta zo daga gida ta yi mini zaman jego. Ba abin da ba ta yi ba. Ta dama kunu da kanwar da ta ƙullo a cikin kayanta, ta tsare ni da ruwan zafi safe da yamma har na fara zargin ko akwai wata a ƙasa tsakaninmu. Jaririn ne kawai ta ƙi. Ba ta ɗaukarsa, ba ta yi masa wanka, in ya yi kuka sai ta ce mini ga shi can yana nemana.

Na san dalili. Sunan Yaya muka sa masa. Yaya ne ɗanta na fari, kuma a garinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna shi a gaban mutane. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan a bakinta ba, sai dai "yayanku". Ya rasu shekarar da na zo Amurka. Ya je wata kasuwar ƙauye sayen hatsi, jirgin yaƙi ya saki bam a kan kasuwar, daga baya aka ce kuskure ne. Kabari ɗaya aka yi wa waɗanda suka mutu gaba ɗaya. An ce a zaman makoki Inna ce take ba mutane haƙuri.

Sanin dalilin bai hana ni jin ciwo ba. Lokacin komawarta yana matsowa, ni kuma ina ganin za ta tafi ba ta san nauyin yaron nan a hannunta ba. Ni mai saurin fushi ce, na yi ta buga tukwane a kicin, ita kuwa ko a jikinta.

Da muka yi arba'in, ba mu da dangin da za a zaga a gaisar, sai maigidana ya ce zai fita da mu. Injiniya ne, kuma duk baƙon da ya shigo gidanmu sai ya kai shi gidan adana tsofaffin jiragen sama da ke tsallaken kogi, ko da baƙon ciwon ƙafa yake yi. Wallahi ni da shi ba wanda ya yi tunani. Sai da muka shiga, na ga Inna ta ja mayafinta ta tsaya, sannan na gane inda muka kawo ta.

Wani ƙaton jirgi ne mai farfela huɗu, jikinsa yana ƙyalli kamar sabon kwanon sha. Wani dattijon Bature yana kan tsani, riƙe da doguwar sanda mai tattausan ƙyalle a kai, yana bin fiffiken a hankali. Inna ta tambaya ko irin wannan ne mai sakin bam. Maigidana ya sunkuyar da kai ya ce irinsa ne, amma na wani tsohon yaƙi, tun kafin a haife mu. Na ce mu wuce gaba. Ta ce a'a, ita ba ta taɓa ganin abin a kusa ba.

Dattijon ya sauko, ya ga muna kallo, ya hau bayani da fara'arsa, maigidana yana fassarawa da ƙyar. Ya ce yawancin 'yan'uwan jirgin an yayyanka su an narkar. Wannan ma a warwatse ya daɗe a ajiye, sai da aka yi shekaru ana wanke sassansa ɗaya bayan ɗaya, ana mayar da kowanne inda yake. Yanzu rana ba ta taɓa shi, ruwa ba ya taɓa shi, ko ɗan yatsa ba a yarda a ɗora masa ba.

"Duka suka samo?" Inna ta tambaya. "Ba abin da ya ɓace a jikinsa?"

Dattijon ya ce kusan duka. Inna ta gyaɗa kai, ta ce a gaya masa sannu da aiki. Ya ji daɗi, ya koma kan ƙurarsa. Na ji haushinsa ƙwarai, alhali ba abin da ya yi mana.

Muka zauna a wani benci, ni da ita, yaron yana barci a kekensa. Ta daɗe tana kallon ƙyallen nan yana kai da komowa.

"Da na haifi yayanku, kakarku ce ta karɓe shi," in ji ta. "Ita ta yi masa wanka har ya iya da kansa. Ni ina daga ɗaki ina jin kukansa, kunya ta hana ni leƙowa. Na farkon ban yi masa ba. Na ƙarshen kuma ba a samu abin wankewa ba."

Ba ta yi kuka ba. Ni ce na yi, a gaban 'yan makarantar da suke ta ɗaukar hoto, har ta zungure ni ta ce in rufa mata asiri.

Washegari da safe na fito na tarar ta riga ni haɗa ruwa a bahon yaron, tana gwada zafinsa da gwiwar hannu. Ta miƙo hannuwa ba ta dube ni ba, na ba ta shi. Ta fara daga kai, ta bi bayan kunnuwa, ta buɗe tafin hannunsa ta wanke tsakanin yatsun, ta sauko har ƙafa, ba gaɓar da ta tsallake. Ya ɗan motsa zai yi kuka. Sai ta sunkuya, ta kira sunan, cikakke, yadda liman ya raɗa shi, ta ce, "Ruwan bai yi maka zafi ba ko?"

Na tsaya a bakin ƙofa da tawul a hannu, ban san wanne daga cikinsu take tambaya ba.