Ɗabanjar Ummusalama

Duk wanda ya taɓa kwanciya a ɗakin masu ciwon kala'azar a asibitin Gadarif ta ƙasar Sudan a waɗancan shekarun, ko bai san sunan Ummusalama Lawali ba, ya san hannunta. Allurar wannan ciwo kwana talatin ake yin ta a jere, ga zafi kamar an ɗiga wa mutum garwashi. Amma idan ita ce a bakin aiki, har ƙartin da ake kawowa daga gonakin Fashaga sukan roƙa a bar su sai ta iso kansu.

Gajeriyar mace ce, ba ta da yawan magana. A ƙauyen Simsim aka haife ta. Kakanta ya baro ƙasar Hausa da niyyar Makka, hanya ta ajiye shi a gonar dawa, ya yi aure, ya zauna. Tun tana ƙarama take bin mahaifiyarta yankan riɗi, aikin da in hannu ya girgiza dami kaɗan sai ƙwayar ta zube cikin tsagar baƙar ƙasa, ba mai iya tsinto ta. A can ta koyi riƙe abu ba tare da ya motsa ba.

Tana da shekara arba'in da uku aka kwantar da wani tsohon ɗan sanda mai ritaya, Shawish Yusuf. Shi ke koyar da harbin nishan a wani ɗan kulob da ke bayan gari, inda ake kafa takarda mai zagaye-zagaye a auna tsakiyarta. Kullum ta zo da allura sai ya ƙura wa yatsunta ido. Ranar da za a sallame shi ya ce, "Ya Sista, shekara ashirin ina neman hannu irin naki. Za a yi gasa a Khartum bayan damina, kuma ƙungiyarmu ba ta taɓa kai mace ba."

Ta ɗaure fuska. "Shawish, ni da nake wanke raunin bindiga za ka ce in ɗauki bindiga?"

"Takarda za ki harba, wallahi takarda kawai. Ki zo ki gani da idonki. In bai yi miki ba, khalas, shi ke nan."

Da ta koma gida ta ba mijinta labari don su yi dariya. Ɗahiru kafinta ne, gadajen katako da igiya da ake kira angarib yake yi a kasuwa. Sai ya ƙi dariyar. Ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "To me zai hana? Ranar Juma'a da safe mu je tare. Ni ma ina so in ga abin da tsohon nan ya gani."

Filin ba wani abin kallo ba ne: tudun ƙasa, rumfar kwano, da akwatin ƙarfe mai kwaɗo biyu. Shawish ya shimfiɗa tsumma a kan teburi ya jera ɗabanja uku, wato ƙananan bindigogin hannu. Kafin ya bari ta taɓa ko ɗaya sai da ya maimaita mata ƙa'ida har sau uku: baki kullum yana kallon tudu, yatsa ba ya zuwa kan kunama sai an shirya.

Ɗahiru ne ya fara nuni. "Wannan baƙar mai kauri. Ita ce ta yi kama da bindiga."

Ummusalama ta ɗauka, ta auna, ta ja kunama. Ƙarar ta doki kwanon rumfar ta dawo, bindigar ta zabura sama, wuyan hannunta ya yi tsami har gwiwa. Takarda kuwa ko ƙwarzane babu. Ta ajiye ta da sauri, ranta ya ɓaci, ta fara gyara tobinta, wato lafayarta, za ta tafi.

"Sabur, yi haƙuri, ya Sista," in ji Shawish. "Da gangan na bar ki ki ɗanɗana. Wannan ba ta wasanmu ba ce."

Ta biyu 'yar guntuwa ce mai ƙyalli, ba nauyi ko kaɗan. Ta ji daɗinta a tafin hannu, amma da ta miƙa hannu sai bakin ya riƙa rawa kamar reshe a iska. Harsashi ɗaya ya kama gefen takarda, sauran suka tafi tudu.

Ta ukun babu wanda ya kula ta. Tsohuwa ce mai dogon baki, fentinta ya koɗe, mariƙinta na katako ya tsage an ɗaure shi da zare. Shawish ya zuba harsasanta a tafin Ummusalama, 'yan ƙanana, ba su kai ɗan yatsanta na ƙarshe kauri ba.

"Wannan ake kira ishirin da biyu," ya ce. "Dubi gindinsa, ba shi da ɗigo a tsakiya irin na manyan. A baki-baki ƙusar bindiga ke bugunsa ya tashi. Ba ya ture hannu, ba ya toshe kunne. Don takarda aka fi amfani da shi, amma ki girmama shi kamar kowane harsashi."

Ta ɗaga ta. Nauyin ya zauna gaba, bakin ya tsaya cak. Ta saki rabin numfashi kamar yadda take yi idan za ta nemi jijiyar jariri, ta matsa kunama a hankali. Sai ta ji ƙas, kamar an karya karan dawa. Ta sake, har sau biyar.

Da suka isa gaban takardar sai ta girgiza kai. Ba ko ɗaya a baƙin tsakiya, duk sun taru can ƙasa ta hagu. "Ka gani ko, Shawish? Na ɓata maka harsashi."

Tsohon ya ƙura wa ramukan ido. Ya koma rumfa ya ɗauko ƙaramin kofin shayi, ya kifa bakinsa a kan ramukan. Duka biyar suka shige ciki. Ya juyo wajen Ɗahiru. "Usta Ɗahiru, ka ga abin da nake faɗa? Saitin bindigar ne ya karkace, wannan da sukurdireba zan gyara shi yanzu. Amma tara biyar wuri guda, ba a koya wa mutum a rana ɗaya."

Matsala guda ta rage. Mariƙin an yi shi ne don hannun namiji, yatsanta da ƙyar yake kai wa kunama. Ɗahiru ya jujjuya shi, ya ce a kwance masa katakon kawai, ƙarfen ya zauna a akwatinsa. A gida ya kwaɓa laka, ya sa ta damƙa kamar tana riƙe da bindigar, ya shanya. Kwana shida yana sassaƙa itacen aduwa yana gwadawa da wannan laka, yana gogewa, yana shafa man riɗi. Ranar da aka ɗaura sabon mariƙin, ta rufe yatsu a kansa. Ta dubi mijinta ta ce, "Abu Hadiza, kamar da shi aka haife ni."

Damina ta sauka, hanyar filin ta zama taɓo, mota ba ta shiga. Takan tuɓe takalmi ta ratsa da ƙafa. Ranakun da ba ta samu zuwa ba, sai ta cika dutsen guga da yashi ta miƙe hannu da shi a tsakar gida har kafaɗarta ta ɗauki zafi. A unguwa an yi ta magana, wasu na cewa Sista ta shiga soja da tsufa. Ita dai ta ci gaba da atisayenta.

A Khartum ta tarar da mata goma sha ɗaya, yawancinsu 'yan sanda da ɗaliban jami'a, da sababbin bindigogi a akwatunan soso. Wata ta dubi tsohuwar ɗabanjar da mariƙin aduwa ta tambaya cikin murmushi ko daga gidan tarihi aka aro ta. Ummusalama ta ce, "Daga Gadarif."

Zagayen farko ta fito ta huɗu. A na biyu ta hau ta biyu, maki ɗaya tsakaninta da wata laftanar. A zagayen ƙarshe, harbi na uku, ta ja kunama sai ta ji ƙyat, ba ƙara. Harsashin ya ƙi tashi, abin da irin waɗannan ƙananan kan yi jefi-jefi. Shawish da ke bayan igiya ya dafe kai. Ita kuwa ba ta juya ba, ba ta taɓa komai ba. Ta bar bakin bindigar yana kallon gaba, ta ɗaga hannun hagu, ta jira alƙali. Ya zo ya duba, ya ga shaidar ƙusa a gefen harsashin, ya ce laifin ba nata ba ne, ta sake.

Duk filin ya yi tsit, ita kaɗai ta rage a layi. Ta yi bismilla, ta ɗaga hannu, ta ƙarasa harbinta ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa.

Da aka kira sunanta ta ɗaya da ratar maki biyu, laftanar ce ta fara rungume ta tana cewa mabruk, wato barka. Shawish ya zauna a ƙasa yana share ido da gefen rawaninsa. Ɗahiru kuwa ya manta da mutane, ya ɗaga sandarsa sama yana kaɗa ta yana ɗaga murya, "Matata ce! Wallahi matata ce!"

A tashar Gadarif mata suka tarye ta da guɗa, aka yanka rago, har waɗanda suka yi maganar soja suka zo cin nama. Ranar Asabar ta koma bakin aikinta.

Ta yi shekara tara tana harbi, ta sake ciyo gasa sau biyu. Da ido ya fara neman tabarau sai ta koma koyarwa. Cikin matan da suka biyo ta akwai Mairo, malamar lissafi a makarantar 'yan mata, wadda a shekararta ta uku ta wuce mafi girman makin da Ummusalama ta taɓa samu. Ranar nan Ummusalama ce ta duba takardar da kanta, ta ƙirga ramukan sau biyu, sannan ta ɗora hannu a baki ta rangaɗa guɗar da sai da masu kiwo a bayan tudu suka tsaya suna waige.