Malam Ashafa Mai Miƙe Baya na Paki

Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi Malam Ashafa a garin Paki cikin shekarar 1918. Sunan mahaifinsa Maiwada, manomin dawa da gyaɗa, mahaifiyarsa kuwa Hajo ce, 'yar asalin Furana. Ya yi karatun allo har izu goma sha biyu, kuma tun yana ƙarami aka shaide shi da ɗabi'ar gyara wa manya abin da ba su nemi a gyara ba.

Aikin Soja

A 1942 ya shiga soja, aka tura shi yaƙi a ƙasar Bama, wato Burma. A 1944 alfadari ya kayar da shi, ƙugunsa ya goce, ya yi jinyar wata bakwai a wani asibitin soja a Indiya. A can wata ma'aikaciyar jinya ta warkar da shi ba allura ba ƙwaya, illa ta koya masa zama da tashi da tafiya daga farko: a saki wuya, a sauke kafaɗu, a lanƙwasa gwiwa maimakon baya.

Aure

A 1947 ya auri Ummuhani, Bafulatana mai tallan nono daga Taba. An ruwaito cewa ranar da ya fara nuna mata iliminsa, ta dube shi ta ce, "Ashe har Indiya ka je neman abin da duk mai ɗaukar ƙwarya ta sani?" Bai sake koya mata ba har ƙarshen rayuwarsa.

Aikin Jinya

A shekarar samun 'yancin kai, 1960, ya kama aiki a asibitin sha-ka-tafi a Ikara. Duk manomin da garma ta ranƙwafar, idan ya zo neman allura, sai Malam Ashafa ya ɗora masa ƙwarya cike da ruwa a ka, ya sa shi zagaya bishiyar ɗorawa sau ashirin. Da yawa sun koma gida a jiƙe suna fushi, amma ciwon yakan lafa, har sunansa ya kai Kudan da Makarfi.

Shari'ar 1963

Ɗan'azumi wani dattijo ne manomin rake a ƙasar Makarfi, wanda ya shekara goma sha biyar a duƙe. Cikin wata huɗu Malam Ashafa ya miƙar da shi. A makon farko goshinsa ya bugi ƙofar zaurensa sau uku. Maƙwabtan da ke yi masa noman gayya saboda tausayi suka daina, har suka soma gayyatarsa nasu. Sai ya kai ƙara gaban alƙali, yana neman a mayar masa da bayansa yadda aka same shi. Da an tabbatar da cutarwa, da wanda ake ƙara ya rasa aikinsa.

Da aka nemi jawabinsa, Malam Ashafa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, kafin in amsa, a sauke kafaɗar hagu. Ita ke riƙe wuyan nan."

Alƙali, wanda ya shekara biyu bai waiwaya ba sai da dukkan jikinsa, ya sauke kafaɗar, ya juya kai, ya ga magatakardansa yana gyangyaɗi. Hukuncin da aka rubuta shi ne mai ƙara ya ɗaga ƙofar zaurensa, kuma yana da 'yancin sake duƙewa idan ya ga dama.

Ƙarshen Rayuwa

Ya yi ritaya a 1969, ya koma Paki, inda ya ci gaba da karɓar masu ciwon baya a ƙofar gidansa. Allah ya yi masa rasuwa ranar Alhamis cikin watan Sha'aban na 1974 bayan gajeriyar rashin lafiya, aka yi jana'izarsa bayan azahar, aka binne shi kusa da mahaifinsa. Allah ya jiƙansa da rahama.

Ya bar matarsa Ummuhani da 'ya'ya biyar: Tukur, malamin makaranta a Ikara; Indo, ungozoma a Furana; Usmanu, direban mota; Azumi, tana aure a Makarfi; da autansu Sada, tela a Kudan, wanda har yau yake zama a ranƙwafe kan kekensa, yana cewa shi dai ya gaji haƙurin mahaifinsa ne kawai.