Lalla Shadliya, Mai Ƙidayar Tsuntsayen Lambun Rijiya

Haihuwa da Nasaba

An haifi Lalla Shadliya ranar Talata, 11 ga Maris, 1947, a garin Masakin da ke kusa da birnin Susa a ƙasar Tunisiya. Mahaifinta shi ne Si Abdulhafiz al-Karwi, mai matsar man zaitun, mahaifiyarta kuwa Lalla Baya, masaƙiya. Ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya bakwai, kuma ita ce matar da mutanen unguwar Lambun Rijiya suka ɗora wa alhakin sare bishiyoyinsu, saboda haka ya wajaba a tsara rayuwarta daki-daki, mai karatu ya yanke nasa hukuncin.

Karatu da Aiki

An sa ta makarantar 'yan mata a 1954, bisa nacin mahaifiyarta, domin mahaifin bai ga amfanin abin ba. A 1965 ta wuce makarantar ungozoma a Tunis, ta sami shahada a 1968, aka tura ta wani asibitin haihuwa a Susa, inda ta yi hidima ta shekara talatin da huɗu. Abokan aikinta sun shaide ta da amana da tsare ƙa'ida, sun kuma shaida cewa ba a taɓa yi mata gyara ta karɓa da daɗin rai ba.

Aure da Zuri'a

A 1970 ta auri Si Taufiƙ Bu Zayyan, ma'aikacin jirgin ƙasa, suka tare a wani gida da ke fuskantar Lambun Rijiya, wurin shaƙatawar unguwar. Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu, ɗaya ya koma tun yana jariri. Si Taufiƙ ya rasu a 1998, ita kuma ta yi ritaya a 2002.

Aikin Sa Kai

A farkon 2003, bayan zaman gida ya ishe ta, ta shiga ƙungiyar masu lura da tsuntsaye, aka damƙa mata Lambun Rijiya ba tare da albashi ba. Kowace safiya bayan hantsi ya fito takan zagaya lambun da madubin hangen nesa da littafi, ta rubuta rana da sa'a da adadin abin da ta gani: kurciyoyi, alhudahuda, tsattsewa, wani lokaci hawainiya ko kunkuru. Mafi daraja a cikinsu shi ne wani ƙaramin shaho da matarsa, waɗanda suke sheƙa duk bazara a ƙololuwar ɗaya daga cikin bishiyoyin turare goma sha ɗaya da ke gefen yamma. A inuwar bishiyoyin nan ne Si Munsif, mai rumfar shayi, yake jera kujerunsa, dattawan unguwa suna karta, mata suna zaune da yara. Shi ya raɗa mata suna Alƙaliyar Tsuntsaye, ita kuma ba ta taɓa nuna sunan ya ɓata mata rai ba.

Bazarar 2017

A watan Fabrairu na 2017 hukumar gari ta sanar da niyyarta ta sare bishiyoyin turaren domin faɗaɗa wurin ajiye motoci, da sharaɗi guda, cewa idan ta tabbata shahon yana sheƙa a cikinsu a wannan shekara, ba za a taɓa ko reshe ba. Aka nemi rahoton Lalla Shadliya kafin ƙarshen Afrilu, kasancewar littattafanta goma sha huɗu ba a taɓa kama su da ƙari ko ragi ba. Ta yi kwana arba'in tana ɗaga madubi ga tsohuwar sheƙar, ba ta ga motsi ba.

Da wa'adi ya rage mako guda, Si Munsif ya tare ta a bakin rumfa, dattawa suka ajiye karta suna saurare.

"Haba Lalla, wa zai hau ya duba? Ki rubuta biyu kamar bara. Rabin unguwar nan a hannunki suka faɗo duniya, wa ya isa ya ƙaryata ki?"

"Si Munsif, kai ka iya sayar da ruwan ɗumi ka ce shayi ne, sana'arka ce. Ni ban iya ba."

"Ki zage ni son ranki, na ji. Amma in inuwar nan ta tafi, wa zai zauna a rana ya sha shayina? 'Ya'ya biyar gare ni, Lalla."

"Allah ya rufa asiri. Abin da ban gani ba, ba zan rubuta ba."

A nan ba ta yi laifi ba, kuma duk wanda ya ce ta yi, son zuciya ne ya sa shi faɗa. Laifin yana wani wuri. Tun shekara biyu kafin nan yanar ido ta fara rage mata gani, ta ɓoye wa kowa, sai 'yarta Nabiha ce ta lura. A cikin makon nan ƙungiyar ta aiko da wasiƙa tana tayin turo mutum na biyu ya duba tare da ita, kamar yadda aka saba a al'amari mai nauyi.

Nabiha ta ce, "Ummi, ki bari su turo. Jiya fa a kasuwa kin wuce ni ba ki gane ni ba."

"Ni za a turo wa ɗan rakiya? Shekara goma sha huɗu ina duba bishiyar nan. Tashi ki ba ni wuri."

Girman kai rawanin tsiya, in ji masu iya magana. Ranar Juma'a, 28 ga Afrilu, ta rubuta sifili a gurbin shaho, ta sa hannu, ta kai rahoton da ƙafarta.

Ranar Sara

Ranar Litinin, 22 ga Mayu, ma'aikata suka iso da injinan yankan itace, unguwa ta fito ta tsaya cirko-cirko, ita ma tana cikinsu da littafinta. Bishiyar tsohuwar sheƙar ta faɗi, ba komai a cikinta, Lalla Shadliya ta sauke ajiyar zuciya. Da ta bakwai ta faɗi, sai wata tsuntsuwa ta tashi tana kuka tana kewaya sararin, ma'aikatan suka kashe inji. Ashe shahon ya sake gida ne kawai, ya koma can cikin duhun ganye, inda lafiyayyen ido zai iya hangowa.

Si Munsif ya ɗauko sheƙar a kan farantin shayinsa, ya ajiye a gabanta.

"Ga sifilinki nan, Alƙaliya. Ƙirga."

Ta durƙusa har fuskarta ta kusa taɓa farantin, domin sai a haka take iya gani, jama'a kuwa duk suka fahimci dalili. Ta ce, "Uku." 'Ya'yan shahon ne, babu mai rai a cikinsu. Tun da sheƙar ta riga ta faɗi, sharaɗin ya faɗi tare da ita, aka ƙarasa sauran huɗun kafin la'asar.

Shekarun Ƙarshe

Washegari ta rubuta wa hukumar da ƙungiyar cewa kuskuren nata ne ita kaɗai, cewa an yi mata tayin taimako ta ƙi, sannan ta ajiye aikin. An yi mata aikin ido a watan Oktoba, ganinta ya dawo garau, abin da ya ƙara mata baƙin ciki, domin tagarta tana kallon filin motocin ne. Rumfar Si Munsif ta rufe a 2018, ya koma dako a kasuwar kifi. Sau biyu ta je gidansa neman gafara, sau biyu aka ce mata ba ya nan.

Rasuwa

Lalla Shadliya ta rasu ranar Laraba, 9 ga Nuwamba, 2022, tana da shekara saba'in da biyar, bayan gajeriyar jinya. An yi mata salla bayan la'asar, aka binne ta a Masakin kusa da kabarin mahaifiyarta. Si Munsif bai halarta ba.

Ta bar 'ya'ya uku: Lutfi, injiniyan ruwa a birnin Safaƙis, Rida, direban jirgin ƙasa, da Nabiha, malamar makaranta, wadda ta miƙa wa ƙungiyar littattafan bisa wasiyya, da sharaɗin kada a goge sifilin 28 ga Afrilu, kada kuma a cire sunanta daga ƙarƙashinsa. Allah ya jiƙanta, ya yafe mata.